Ba ƙirgen wata ke tayar da yaro ba

A gidanmu an taɓa yin haihuwa biyu kwana uku tsakani, matar yayana ta sami mace, matar ƙanena ta sami namiji. Tabarma ɗaya aka riƙa shimfiɗa musu a gindin darbejiyar tsakar gida, da lokacin kunu ya yi kuma kunu ɗaya suka sha. Yarinyar tana wata tara da 'yan kwanaki, wata safiya ta saki bakin turmi ta yi taku huɗu ta faɗa cinyar kakarta, gida ya kaure da shewa. Shi kuwa yaron ya cika shekara, ya ƙara wata biyu a kai, yana nan yana jan gindi, ƙafa ɗaya a naɗe ɗaya a miƙe, ko rarrafe bai taɓa yi ba. Ran nan wata baƙuwa ta shigo barka da salla, ta dube shi, ta dubi 'yar'uwarsa da ke ta zirga-zirga, ta ce wa uwar: "Ke kuwa yaron nan har yau bai tashi ba? Ko dai kwanika aka yi masa?" Uwar ta yi yaƙe, ta saɓi ɗanta ta shige ɗaki. Da ta fito idanunta sun yi ja. Daga ranar aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Yana wata goma sha shida ya miƙe da kansa a tsakar ɗaki bai dafa komai ba, bayan kwana biyu yana bin kaji.

Hawayen uwar nan ya tsaya mini a rai, domin a banza ta zubar da shi, ɗanta lafiyarsa lau. A unguwa ɗaya kuma za ka sami jaririn da ya yi wata bakwai wuyansa na langaɓewa, ana cewa ƙiba ce ta yi masa yawa, zai ware. Mun ɗauki ƙirgen wata mun mai da shi sandar awo, sai muke tayar da hankali inda babu komai, muna kwantar da shi inda ya kamata a ruga asibiti.

Akwai awo na gaskiya, kuma har da yaran Afirka aka yi shi. Tsakanin 1997 da 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bibiyi girman yara kusan 8,500 a ƙasashe shida: Birazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Da gangan aka zaɓi yaran da ke shan nonon uwa, masu wadatar abinci da kulawar asibiti, don a ga yadda ɗan Adam ke girma idan babu abin da ya tauye shi. A biyar daga cikin ƙasashen, ban da Birazil, an ware yara 816 ana zuwa gidajensu a kai a kai ana rubuta lokacin da kowanne ya zauna, ya tsaya, ya taka. Da aka fitar da sakamakon a 2006, sai ga tazara mai faɗin gaske. Zama ba tare da jingina ba, daga dab da wata 4 har zuwa wata 9 da 'yan kwanaki. Tafiya ba tare da riƙo ba, daga wata 8 da 'yan kwanaki har zuwa wata 17 da rabi. Yara 98 cikin 100 masu cikakkiyar lafiya a cikin wannan tazara suke faɗowa. Wato yarinyar gidanmu da ɗan'uwanta, da wata bakwai da ke tsakanin tashinsu, duk a cikin gona ɗaya suke. Yaran Akara ta Gana galibi su suka riga, na Oslo ta Norwe suka biyo a baya, amma bambancin da ke tsakanin yaro da yaro a gari ɗaya ya fi wanda ke tsakanin ƙasa da ƙasa.

Har karin maganarmu binciken ya ɗan taɓa. Mukan ce da rarrafe yaro kan tashi, sai ga shi yara 4 cikin 100 ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, wasu jan ciki suka yi, wasu jan gindi, daga nan suka miƙe. Masu jan gindi kuma an san sukan jima ba su taka ba, don sun riga sun sami hanyar zuwa inda suke so da hannuwansu a sake.

Lokaci ne ke da faɗi. Jerin kuwa bai cika sauyawa ba, kuma kowace kaka ta san shi ko ba ta taɓa jin sunan Arnold Gesell ba, likitan Jami'ar Yale da ya shafe shekaru yana ɗaukar jarirai a fim yana nazarin motsinsu. Iko da jiki daga sama yake saukowa: ido, sannan wuya, sannan kafaɗu da gadon baya, sannan ƙugu, ƙafa ce ta ƙarshe. Daga tsakiya kuma yake fita gefe: jariri da dukan damtsensa yake kai wa abu duka kafin ya iya damƙa da tafi, da tafi yake damƙa kafin ya iya tsinta da yatsu biyu. Dalilin yana cikin ginin jikin. Kan jariri kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, na babba kuwa kusan ɗaya cikin takwas. Dubi nauyin da aka ɗora wa wannan siririn wuya. Sannan jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka ba a gama naɗe su ba a lokacin haihuwa. Akwai wani farin kitse da ke lulluɓe su a hankali, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, kuma sai ya lulluɓe ne saƙo ke gudu da sauri ba ya warwatsewa. Hanyar da ta fi tsawo ita ce mai zuwa yatsun ƙafa.

Gesell ya gamsu cewa nunar jiki ce komai. A 1929 shi da abokiyar aikinsa Helen Thompson suka gwada a kan wasu tagwaye mata masu kama ɗaya. Ɗaya aka fara koya mata hawa matakala tana mako 46, aka yi mako shida ana yi kullum. Ɗayar aka bar ta sai da ta kai mako 53, aka koya mata na mako biyu kacal, sai ga ta ta kamo 'yar'uwarta. Darasin da aka ɗauka shi ne, ɗanyen mangwaro ba ya nuna don an matsa shi. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan, kuma an yi shekaru da dama ana riƙe da rabin.

Duk wanda ya taɓa riƙe jaririn kwana goma ta hammata ya dangana tafin ƙafarsa da ƙasa ya ga abin mamaki: yakan ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye, ya ɗaga ɗayar, kamar mai tafiya. Wajen wata biyu sai abin ya ɓace, ba ya dawowa sai can gaba. An daɗe ana bayanin cewa ƙwaƙwalwa ce ta girma ta danne wannan motsi na haihuwa. Wata Ba'amurkiya, Esther Thelen, a farkon shekarun 1980 ta lura cewa jaririn da ya daina wannan taku a tsaye, idan aka kwantar da shi rigingine yana ci gaba da wutsil-wutsil da ƙafafu, kuma motsin iri ɗaya ne. Sai ta tsoma jariran cikin ruwan ɗumi zuwa ƙirji, taku ya dawo. Ta ɗaura wa wasu ɗan nauyi a cinya, takun ya ragu. Ashe cinyar ce ta yi ƙiba da sauri, tsoka ba ta kamo ta ba tukuna. Wannan ɗan gwaji na kwatarniyar ruwa ya sauya yadda masana ke kallon al'amarin gaba ɗaya. Tafiya ba maɓalli ba ne da ke jiran ranarsa a cikin kai. Abubuwa da yawa ne sai sun haɗu: ƙarfin cinya, nauyin jiki, iya daidaita tsayuwa, irin daɓen da ke ƙarƙashin ƙafa, da abin da yaron ya hango yake son cimma. Wanda ya fi jinkiri a cikinsu shi ke riƙe sauran. Shi ya sa ɓul-ɓul ɗin yaro mai sanyin hali yakan jima a zaune, ɗan siriri mai ƙiriniya ya riga shi.

A nan ne renon gida ke shigowa, kuma a nan nake ganin iyayenmu mata sun cancanci yabon da ba a cika yi musu ba. A 1976 wani mai bincike, Charles Super, ya wallafa abin da ya gani a ƙauyen Kokwet na ƙabilar Kipsigis a yammacin Kenya. Matan can sukan haƙa ɗan rami su zaunar da jariri a ciki, ko su kewaye shi da mayafai, sukan kuma riƙe shi ta hammata suna sa shi taku kullum. Yaransu sun riga na Amurka zama da tafiya da kimanin wata guda. A rarrafe kuwa, wanda ba sa koyarwa, ba su riga kowa ba. Duk Bahaushiyar da ta karanta wannan za ta gane kayanta. Mu ma mukan zaunar da yaro a cikin daro a kewaye shi da zannuwa, a kama hannuwansa ana "ta-ta-ta", ungozoma ta miƙe masa gaɓoɓi bayan wanka. Ga kuma goyo. Yaron da ke bayan uwa tana daka, tana shara, tana sunkuyawa tana ɗagowa, wuyansa da bayansa aiki suke yi duk tsawon wunin, suna gyara zama da kowane motsinta. Masu cewa goyo ke sa ƙafa ta baka sun yi kuskure. Buɗewar cinya irin ta goyo ma ita ce zaman da likitocin ƙashi ke so ga ƙugun jariri, kuma gocewar ƙugu ba ta da yawa a al'ummomin da ke goyo idan aka kwatanta da masu naɗe jariri ƙafafu a haɗe.

Ɗaya gefen kuma an gan shi a gidan marayu. Wayne Dennis ya ba da rahoto a 1960 kan wasu gidajen reno a Tehran, babban birnin Iran, inda jarirai ke wuni rigingine a gado, ba mai ɗaukarsu, ko madara a kwance ake jingina musu kwalba. Mafi yawan waɗanda ke tsakanin shekara biyu da uku ba su iya tafiya ba. Watanninsu sun cika har sun zarce, amma ba su tashi ba. Ko a Amurka, bayan da likitocin yara suka ba da shawara a 1992 cewa a riƙa kwantar da jarirai rigingine lokacin barci, mutuwar fuju'a ta cikin barci ta ragu da fiye da rabi, amma an lura juyi da rarrafe sun ɗan ja baya. Maganin bai zama a koma wa tsohon kwanciya ba. Barci dai rigingine, idan ya farka a kifa shi rub da ciki a tabarma ana kallonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce jaririn da bai fara tafi da kansa ba ya samu aƙalla minti 30 na wannan kifawa a rarrabe cikin yini, kuma kada a bar yaro a ɗaure wuri ɗaya, ko kujera ko keke ko baya, fiye da awa guda a jere. Goyon ma ke nan yana da iyaka, a riƙa saukewa yaro ya taɓa ƙasa.

Yawan atisayen da yaro ke yi da kansa ya wuce yadda muke zato. Karen Adolph ta Jami'ar New York da abokan aikinta sun ƙirga a 2012: yara 'yan wata 12 zuwa 19, idan aka sake su suna wasa, a matsakaici suna yin taku 2,368 a awa ɗaya, suna faɗuwa sau 17. Kowace faɗuwa gyara ce, ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya tana lissafa inda aka kuskure. Saboda haka ne ba na son keken roba mai tayoyi da ake zura yaro a ciki, wanda yanzu ya zama kayan barka a birane. Yaron da ke ciki a rataye yake, da kan yatsu yake turawa, ba ya ganin ƙafafunsa, ba ya faɗuwa balle ya koyi tashi. Ba ya sa tafiya da wuri, sai dai ya kai yaro bakin murhu ko matakala cikin ƙiftawar ido. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Keken katako mai ƙafa uku da kafintan unguwa ke yi ya fi shi nesa ba kusa ba, don yaron ne ke ɗauke da nauyin kansa yana turawa.

Hannu nasa labarin ya fi tafiya a hankali, kuma shi muka fi zalunta. Jariri da hannu a dunƙule yake zuwa duniya, idan ka sa masa yatsa ya damƙe ba da niyya ba. Wajen wata huɗu zuwa biyar yake fara miƙa hannu da nufi, wajen wata tara zuwa shekara yake tsintar ƙwayar shinkafa da babban yatsa da manuni. Amma wuyan hannu, inda babba ke da ƙananan ƙasusuwa takwas, a wurin jariri guringuntsi ne zalla. Ɗaya bayan ɗaya suke zama ƙashi, biyun farko a shekarar farko, na ƙarshe sai yaro ya doshi shekara goma ko ya wuce. Zane ma da jerinsa: ɗan shekara biyu yakan kwaikwayi miƙaƙƙen layi, ɗan uku da'ira, ɗan huɗu layi biyu da suka gitta juna, mai kusurwa uku kuwa sai shekara biyar zuwa shida, domin layin da ya karkace shi ya fi wuya. To dubi haruffan boko irin su A da K da M, duk suna da karkatattun layuka. Na taɓa zama kusa da wata yarinya 'yar shekara uku da aka ba ta aikin gida ta cika shafi biyu da harafin K. Ta damƙe fensirin da dukan tafinta, harshe a waje, kafaɗarta ce ke motsi maimakon yatsu, takardar har ta huje. Uwar na gefe tana cewa ba ta da ƙoƙari. Ƙoƙari kam ta yi har ya yi yawa, hannun ne bai kai ba. Makarantun da ke gasar nuna wa iyaye littafi cike da rubutu suna saya wa yara ƙin alƙalami tun kafin su san daɗinsa. Abin da hannun ɗan shekara uku ke bukata shi ne ya mulmula laka, ya ɓare gyaɗa, ya zura duwatsun ado a zare, ya ci tuwo da kansa ko zai ɓata riga, ya yi zane da gawayi a bango.

Malaman firamare na da suna da wata dabara da ake yi wa dariya yanzu. Yaron da aka kawo ba takardar haihuwa, sai a ce ya ɗora hannu ta saman kansa ya taɓo kunnen ɗaya gefen. In ya taɓo an ɗauke shi, in bai taɓo ba sai baɗi. Akwai ilimi a ciki. Ƙaramin yaro kansa babba ne, hannunsa gajere. Sai wajen shekara biyar zuwa shida hannu ke yin tsawon da zai zagaye kai, kusan lokacin da famfara ke farawa, yatsu kuma suka fara iya riƙe alƙalami yadda ya kamata. Jikin suke tambaya, ba kalanda ba.

Daga shekara biyu zuwa bakwai dandali ne makarantar. Gudu wajen shekara biyu, tsalle da ƙafa biyu kafin uku, tsalle da ƙafa ɗaya wajen huɗu. Langa ba ta yiwuwa sai wannan ya zauna, 'yar gala-gala ma haka. Carafke kuwa, a jefa dutse sama a kwashi na ƙasa a cafe kafin ya faɗo, ban san wani atisayen ido da hannu da ya fi ta ba, kuma kyauta ce. Irin waɗannan ƙwarewa ba sa zuwa don shekaru sun cika kawai. Akwai manya da yawa da ba su iya jifa ko cafiya da kyau ba, don ba su yi ba suna yara. Awa uku na motsi a yini ake so ga ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu, awa guda ta wasa mai sa haki ga wanda ya kai biyar zuwa sama. Yaron da aka kulle a falo da waya a hannu ba zai samu ba.

Duk wannan magana a kan yaron da ya ƙoshi ake yin ta. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar, ya ninka sau uku a shekara, ya tashi daga tsawon santimita 50 zuwa kusan 75. Ba zai sake girma da irin wannan sauri ba har abada, kuma da abinci ake biyan kuɗin. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa 57 cikin 100. Fiye da rabin yaranmu ke nan. Yaron da tamowa ko ƙarancin jini ya kama ba ya da kuzarin yin taku dubu biyu a awa, zama yake yi shiru, a ce yana da haƙuri. Nan ne maganar kwanika take da ƙamshin gaskiya, sai dai an ɗora laifin inda ba shi ba. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da ke kwantar da yaron shi ne yayen gaggawa, a raba shi da nono rana ɗaya a miƙa shi gidan kaka, a bar shi da koko tsararo wanda ba gyaɗa ba madara ba ƙwai.

Lanƙwasar ƙafa ma tana da kashi biyu. Kusan kowane yaro da 'yar baka yake fara tafiya, ta miƙe wajen shekara biyu, ta juye ta zama ɗan gwame a shekara uku zuwa huɗu, ta daidaita wajen bakwai. Wannan ba ciwo ba ne. Amma idan bakar na ƙaruwa bayan shekara biyu, ko ƙafa ɗaya ce kawai, ko wuyan hannu ya kumbura yaro na kukan ciwon ƙafa, to ƙashi ne ya yi laushi. A ƙasashen sanyi rashin hasken rana ke kawo wannan. A Jos, binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka wallafa a 1999 ya nuna cewa a wurin yaranmu, da rana ba ta yi musu ƙaranci ba, rashin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalili, kuma da aka ba su shi ƙasusuwan suka warke. Nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake dakawa da ƙayarsu, kuka, zogale da riɗi duk suna da shi.

Da balaga ta ƙarato sai tazarar nan ta sake buɗewa, fiye ma da ta farko. 'Ya mace takan fara tsakanin shekara 8 da 13, namiji tsakanin 9 da 14, kuma rashin abinci yana jinkirta ta. A aji ɗaya na ƙaramar sakandare za ka ga mai gemu-gemu da wanda muryarsa ba ta fashe ba, shekarunsu ɗaya. A wannan karon jerin juyawa yake yi: tafin ƙafa da hannu ke fara girma, sannan ƙwauri da damtse, gangar jiki daga baya. Shi ya sa takalmi ke matse yaro wata biyu bayan an saya, ya riƙa tuntuɓe yana ɓarin kofi, ana ce masa sakarai, alhali jikin da ya saba da shi ne aka sauya masa. Mai horar da 'yan ƙwallon unguwa da ke zaɓen manyan jiki a shekara 13 sau da yawa wanda ya riga balaga yake zaɓa, ba wanda ya fi iyawa ba. A ƙarshen dogayen ƙasusuwa akwai faifan guringuntsi inda tsawo ke fitowa, idan ya haɗe tsawo ya ƙare. Shi FIFA ta sa aka riƙa dubawa a wuyan hannun 'yan wasa da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, don tantance shekarunsu, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano da Kaduna da Bauchi. Kafin faifan ya haɗe shi ne wuri mafi rauni a ƙashin, abin da ya kamata mai ɗora wa ɗan shekara goma buhu ko jarkar ruwa biyu ya sani.

Ga 'ya mace akwai wani abu da ido ba ya gani. Fara al'ada ba ya nufin jiki ya gama. Tsawo yakan kusa tsayawa, amma ƙashin ƙugu, ta inda haihuwa za ta bi, yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan haka, kuma yarinyar da ta tsumbure tana ƙarama nata ya fi ƙunci. Idan ciki ya riga ƙugu, abin da kan biyo baya shi ne doguwar naƙuda. Uwar tana iya fita da yoyon fitsari. Jaririn kuma, idan ya jima iska ba ta isa ƙwaƙwalwarsa ba, shi ne wanda za a gani bayan wata bakwai wuyansa bai tsaya ba.

Wannan shi ne jinkirin da ya cancanci tashin hankali, kuma yana da alamu. Wuyan da bai tsaya ba bayan wata huɗu. Yaron da bai zauna da kansa ba bayan wata tara, ko bai taka ba a wata goma sha takwas. Jikin da ya saki kamar tsumma, ko ya sandare har ƙafafu na harɗewa kamar almakashi idan an ɗaga shi. Hannun da ke dunƙule kullum bayan wata shida. Jaririn da tun bai shekara ba hannu ɗaya kawai yake miƙawa, wanda ba bahagonci ba ne, domin zaɓen hannu sai daga baya yake bayyana, ɗaya hannun ne ke da rauni. Mafi girma duka, yaron da ya iya abu sannan ya daina. Bakwaini kaɗai ake yi wa rangwame, a cire watannin da bai cika a ciki ba daga lissafi har ya kai shekara biyu. Bayan wahalar haihuwa, abubuwan da suka fi jawo wannan a wurinmu su ne sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da shawarar jarirai da aka yi wa sakaci a makon farko, ana shanya jariri a hantsi ana ba shi ruwan sukari har ta hau kai. Kafur ɗin da ake sa wa cikin kayan jariri ma yana tayar da shawara mai tsanani ga wasu yaran da aka haifa da wani rauni a jininsu, a raba shi da akwatin kayan haihuwa.

Irin wannan yaro a wasu gidajen ɗan ruwa ake ce masa, ko a ce an yi musanya, a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, uwar ta sha zargi. Ɗan mutum ne da ƙwaƙwalwarsa ta ji rauni, kuma raunin ba ya ƙaruwa. Abin da ke ƙaruwa shi ne ƙagewar gaɓoɓi idan an bar shi kwance. A sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci ana koya wa uwa yadda za ta zaunar da shi, ta kifa shi, ta miƙe masa gaɓoɓi, ta ba shi abinci ba tare da ya shaƙe ba, kuma wanda aka kawo yana wata shida ya fi wanda aka kawo yana shekara huɗu samun abin da zai samu, don a shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ta fi iya buɗe sabuwar hanya ta kewaye inda ya lalace. Uwar da za ta je ta tafi da katin rigakafi, ta kuma tuno amsar tambayoyin da za a fara yi mata: awa nawa ta yi tana naƙuda, ya yi kuka da aka haife shi ko sai da aka jima, idonsa ya yi ɗorawa a makon farko, ya taɓa yin zazzaɓi da jijjiga, kuma a wata na nawa ya fara riƙe wuyansa.